Yadda Ake Raba Manhajar Taminal Ga Masu Linux, Daga Bainari Zuwa Rumbun apt

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu karatu, musamman ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Bayero da matasan da ke rubuta wa shaguna da ofisoshi manhaja a cikin gari: na rubuta 'yar manhajata ta taminal, tana aiki lafiya lau a kwamfutata, amma da na ba wani sai ta ƙi tashi, yaya ake yi har mutum ya buga `apt install` kawai ya same ta? Wasu ma sun yi nisa, tambayarsu ita ce Snap za su yi ko Flatpak, ko kuwa su nemi shiga rumbun Debian kai tsaye, wato ma'ajiyar da `apt` ke sauke manhajoji daga cikinta.

Yawancin wahalar nan daga jerin aikin take. Mutum yana can yana zaɓen tsarin fakiti, wato ƙunshin da ake girka manhaja da shi irin `.deb`, alhali bainarin da zai zuba a ciki, wato fayil ɗin manhajar da aka gina wanda kwamfuta ke gudanarwa, bai gyaru ba. Jerin da ke ƙasa shi nake ba kowa shawarar ya bi, kuma kada a tsallake mataki na uku da na shida ko da ana sauri. Zan yi misali da manhaja mai suna `kidaya`, mu ɗauka tana tattara lissafin cinikin shago daga fayilolin CSV.

Kayan aiki da kuɗi

Kana buƙatar kwamfuta mai Ubuntu ko Debian, da Docker ko Podman masu buɗe kwantena, wato ƙaramin Linux keɓaɓɓe a cikin kwamfutarka, da waɗannan: `dpkg-dev`, `lintian`, `apt-file`, `gnupg`, `reprepro`, sai nFPM, manhajar ɗaure fakiti, da za ka sauke daga shafinta. Dukkansu kyauta ne. Abin da zai ci kuɗinka data ne da wuta. Hoton kwantenar Ubuntu, wato fayil ɗin da ake tayar da kwantenar daga gare shi, kimanin megabayit 30 ne, na Debian kimanin 50, kuma sau ɗaya ake sauke su, don haka ka haɗa saukarwar lokacin da intanet ke da ƙarfi. Ba dole ba ne ka yi hayar saba da dala. Idan kana son adireshi naka na kanka, ana sayen mai ƙarewa da .com.ng da naira a wurin dillalan da NiRA ta amince da su, ana sabuntawa duk shekara.

1. San kwamfutar masu amfani

Ka sa mutum biyar ko goma daga cikin waɗanda za su yi amfani da manhajar su buga waɗannan, su turo maka abin da ya fito:

```
cat /etc/os-release
uname -m
ldd --version
```

Na farko zai gaya maka nau'in Linux da sigarsa, na biyu irin firosesa, na uku sigar glibc, wato babban laburaren C da yawancin manhajojin Linux ke hawa. Wanda glibc ɗinsa ya fi tsufa shi ne ma'auninka. A nan Kano za ka tarar da Ubuntu, da Linux Mint, da Kali a wurin masu koyon tsaron intanet, da Ubuntu da ke zaune cikin Windows ta WSL. Duk waɗannan 'yan gidan `.deb` ne, shi ya sa da shi za mu fara. Fedora da Rocky da AlmaLinux na gidan `.rpm` ne, biyun ƙarshe an fi haɗuwa da su a kan saba.

Hattara: wanda ya ce maka yana da Linux a waya, Termux yake nufi. Termux tana amfani da `apt`, amma ba glibc take hawa ba, kuma fayilolinta ba a `/usr` na asali suke ba. Fakitin da ka yi wa Ubuntu ba zai zauna a can ba, kada ka yi masa alkawari.

2. Suna

Sunan fakitin Debian ƙananan haruffan a zuwa z ne, da lambobi, da alamomin `+`, `-` da `.` kawai. Haruffanmu masu lanƙwasa ba sa shiga, shi ya sa na rubuta `kidaya` da k. Kafin ka riƙe suna, duba ko wani ya riga ka:

```
sudo apt-file update
apt-file search -x 'bin/kidaya$'
```

Ka leƙa shafin Repology ma, yana nuna sunayen fakitoci a nau'o'in Linux masu yawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Manhajar `fd` a Debian da Ubuntu sai da ta koma `fdfind`, `bat` kuma ta koma `batcat`, saboda an riga su sunayen. Har yau masu amfani suna karanta bayani da suna ɗaya, su buga, taminal ta ce ba ta san shi ba.

3. Gina bainarin da ba zai mutu a hannun wani ba

Nan ne uwar matsalar. Idan ka taɓa ganin wannan saƙon, ka san abin da nake nufi:

```
version `GLIBC_2.38' not found
```

Dalilinsa shi ne glibc tana karɓar abin da aka gina a kan tsohuwar sigarta, amma tsohuwa ba ta karɓar abin da aka gina a kan sabuwa. Ubuntu 24.04 tana da glibc 2.39, Ubuntu 22.04 tana da 2.35, Debian 12 tana da 2.36, Debian 13 tana da 2.41, RHEL 8 da danginta kuwa 2.28. Kai da ka sayi sabuwar kwamfuta ka zuba 24.04 ka gina a kai, mai shagon da ke kan 22.04 na iya kasa ko buɗe manhajarka. Sanya ta cikin `.deb` ba zai canza komai ba.

Hanyoyi biyu ne. Ta farko, wadda na fi so ga manhajar taminal, ita ce ka gina bainari mai ɗauke da kayansa duka a jikinsa. A Go:

```
CGO_ENABLED=0 GOOS=linux GOARCH=amd64 go build -trimpath -ldflags="-s -w" -o kidaya .
```

Ka sake da `GOARCH=arm64` domin masu Raspberry Pi da sabobin ARM. A Rust, ka gina a kan musl, wani laburaren C da ke maye gurbin glibc:

```
rustup target add x86_64-unknown-linux-musl
cargo build --release --target x86_64-unknown-linux-musl
```

Daga nan ka buga `ldd kidaya`. Idan ta ce `not a dynamic executable` ko `statically linked`, ka dace.

Hattara: idan manhajarka ta Go tana amfani da SQLite ta laburaren `mattn/go-sqlite3`, kashe CGO, wato gadar Go zuwa C da `CGO_ENABLED=0` ke rufewa, zai karya ta, domin laburaren da C yake aiki. Ko ka koma `modernc.org/sqlite` wanda aka rubuta da Go zalla, ko ka bi hanya ta biyu.

Hanya ta biyu ta masu C da C++ ce, da duk wanda ba zai iya rabuwa da laburaren tsarin ba: ka gina a cikin kwantenar tsohuwar siga. Idan mai mafi tsohuwar siga a cikin masu amfaninka yana kan Ubuntu 22.04, ka shiga kwantenar `ubuntu:22.04` ka gina a ciki. Bayan ka gama, wannan zai nuna maka sigar glibc mafi girma da bainarin yake nema:

```
objdump -T kidaya | grep -o 'GLIBC_[0-9.]*' | sort -Vu | tail -1
```

Kada ka ɗauka ƙara `-static` a kan glibc zai fisshe ka. Ɓangaren da ke neman adireshin intanet da sunayen masu amfani yana ɗauko wasu laburarori ne a lokacin da manhajar ke gudana, kuma gcc da kanta za ta ja maka kunne a kai.

Hattara ta biyu, kuma ta fi shafar mu: ka cire `-march=native` daga umarnin ginin. Wannan zaɓin yana ɗinka bainarin daidai firosesar kwamfutarka. Yawancin kwamfutocin da ake saye a Beirut Road na hannu ne, wasunsu sun girmi 2013, shekarar da Intel ta shigo da AVX2, wasu ƙarin umarnan firosesa da tsofaffi ba su san su ba. A irin waɗannan manhajar za ta faɗi nan take da `Illegal instruction`, mai ita kuwa zai ɗauka kwamfutarsa ce ta lalace.

Bainari mai ɗauke da kayansa yana da nasa nauyin, kuma ya kamata ka san shi tun yanzu. Ranar da aka gano rami a laburaren tsaro da ka cusa a ciki, `apt upgrade` na mai amfani ba zai toshe shi ba, kai ne za ka sake gini ka saki sabuwar siga. Wannan ne dalilin da ya sa masu kula da Debian da Fedora ba sa ƙaunar tsarin, kuma suna da gaskiyarsu. Idan ka san ba za ka bibiyi laburarorin da ka ɗauko ba, hanya ta biyu ta fi maka.

Masu Python kuma, daga Debian 12 da Ubuntu 23.04 zuwa sama, `pip install` a kan Python na tsarin yana ƙi da saƙon `externally-managed-environment`. Kada ka koya wa mutane `--break-system-packages`. Ka ɗora manhajar a PyPI ka ce su girka ta da `pipx`. Ka tuna Ubuntu 22.04 Python 3.10 gare ta, don haka abin da ka rubuta da sabbin dabarun 3.12 ba zai tashi a can ba. PyInstaller ma ba ta kuɓutar da kai daga maganar glibc ba, ita ma a tsohuwar kwantena ake gina ta.

4. Jera fayiloli a mazauninsu

Ka buɗe folda ka tsara ta kamar yadda fayilolin za su zauna a kwamfutar mai amfani:

```
kidaya_1.0.0-1_amd64/
  DEBIAN/control
  DEBIAN/conffiles
  usr/bin/kidaya
  etc/kidaya/kidaya.conf
  usr/share/man/man1/kidaya.1.gz
  usr/share/doc/kidaya/copyright
  usr/share/bash-completion/completions/kidaya
```

Bainari yana zuwa `/usr/bin` da izini 0755, sauran 0644. `/usr/local` na mai kwamfuta ne, fakiti ba ya taɓa shi, haka ma foldar gidan mai amfani. Saitin kowane mutum manhajar ce za ta ƙirƙira a `~/.config/kidaya` ranar da ya fara buɗe ta. A cikin `conffiles` ka rubuta `/etc/kidaya/kidaya.conf`. Idan ka manta, sabuntawa ta gaba za ta shafe saitin da mutum ya gyara ba tare da ta tambaye shi ba.

Hattara: kada ka yi wannan aikin a kan filasha ko a cikin `/mnt/c` na WSL. A can komai yana fitowa da izini 777, `dpkg-deb` kuwa za ta ƙi da cewa `control directory has bad permissions`. Idan kuma a Windows ka rubuta wani sikirif, ka wuce da shi ta `dos2unix`, in ba haka ba ƙarshen layukan zai hana shi tashi.

5. Ɗaure fakitin

Ga fayil ɗin `control`:

```
Package: kidaya
Version: 1.0.0-1
Architecture: amd64
Section: utils
Priority: optional
Maintainer: Sunanka <imel@example.org>
Depends: ca-certificates
Description: tattara lissafin ciniki daga CSV
 Tana karanta fayilolin ciniki na rana
 ta fitar da jimillar wata.
```

Layukan ƙarin bayani da sarari ɗaya suke farawa, kuma fayil ɗin dole ya ƙare da sabon layi. `Section` da `Priority` kada ka bar su, `reprepro` za ta neme su a mataki na bakwai. `ca-certificates` yana nan ne domin ko bainari mai ɗauke da kayansa yana buƙatar takardun shaidar tsarin idan zai yi magana da intanet ta HTTPS.

```
dpkg-deb --root-owner-group --build kidaya_1.0.0-1_amd64
lintian kidaya_1.0.0-1_amd64.deb
```

Idan ba ka sa `--root-owner-group` ba, fayilolin za su tafi da lambar asusunka, su sauka a kwamfutar wani a matsayin mallakar duk wanda ke riƙe da wannan lambar. `lintian` za ta yi ƙorafin `statically-linked-binary`. A rumbunka na kanka wannan ba laifi ba ne, amma sauran ƙorafe-ƙorafenta ka karanta su ɗaya bayan ɗaya.

Lambar siga tana da dokokinta. Da lamba take farawa, don haka `v1.0.0` na Git sai ka cire masa `v`. Sigar gwaji kuma da alamar `~` ake rubuta ta, `1.0.0~rc1`, domin ita ce ke jerawa ƙasa da `1.0.0`. Wanda ya rubuta `1.0.0rc1` ya ɗaure masu gwajinsa, `apt` za ta ga ta fi ta ƙarshe girma, ba za ta sabunta musu ba. Idan kana shakka:

```
dpkg --compare-versions 1.0.0~rc1 lt 1.0.0 && echo daidai
```

Ka yi wannan da hannu sau ɗaya domin ka fahimci cikin fakiti. Bayan haka ka bar wa nFPM, wadda daga fayil ɗaya take fitar da `.deb` da `.rpm` da `.apk` na Alpine Linux (ba na Android ba):

```
name: kidaya
arch: amd64
version: 1.0.0
release: 1
maintainer: Sunanka <imel@example.org>
description: tattara lissafin ciniki daga CSV
section: utils
priority: optional
depends:
  - ca-certificates
contents:
  - src: ./kidaya
    dst: /usr/bin/kidaya
  - src: ./kidaya.conf
    dst: /etc/kidaya/kidaya.conf
    type: config|noreplace
```

Sai `nfpm package --packager deb --target dist/`, ka sake da `rpm`.

Hattara: sunayen abin da manhaja ke jingina da shi ba iri ɗaya ba ne. Laburaren OpenSSL `libssl3` ne a Debian 12 da Ubuntu 22.04, `libssl3t64` a Ubuntu 24.04, `openssl-libs` a Fedora. A nFPM sashen `overrides` ne wurin raba su. Duk layin da ka rage a `Depends`, ka rage wa kanka ciwon kai ɗaya.

Maganar `postinst`, sikirif ɗin da ke gudana bayan girkawa: idan za ka iya rabuwa da shi, ka rabu da shi. Da ikon `root` yake gudana, kuma `/bin/sh` a Debian da Ubuntu dash ne, ba bash ba. Idan ya zama dole, ka rubuta shi yadda za a iya maimaita shi sau biyu ba tare da ɓarna ba, kada kuma ya sauke komai daga intanet. A garinmu ana ɗauke wuta ana tsakiyar girkawa, batirin kwamfutar ya riga ya mutu. Mutum zai dawo ya buga `sudo dpkg --configure -a`, sikirif ɗinka ya sake tashi daga farko. Idan ya faɗi saboda foldar da yake son ƙirƙira tana nan, `apt` ɗin mutumin za ta riƙa tsayawa a kan fakitinka duk lokacin da ya so girka wani abu.

6. Gwaji a kwantena mai tsabta

Kwamfutarka ba wurin gwaji ba ce, cike take da laburarorin da ka manta ka taɓa girkawa.

```
docker run --rm -it -v "$PWD/dist":/f ubuntu:22.04 bash
apt update && apt install /f/kidaya_1.0.0-1_amd64.deb
kidaya --version
```

Ka maimaita a `ubuntu:24.04`, `debian:12`, `debian:13`, sai `fedora` domin `.rpm`. A kowanne ka gwada abu huɗu: girkawa, hawa daga tsohuwar siga zuwa sabuwa bayan ka gyara fayil ɗin saiti, `apt remove`, da `apt purge`. Ka ba ta fayil mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ da alamar ₦, ka gudanar da ita da `LANG=C` ka ga ko haruffan sun fito daidai, domin sabobi da yawa haka suke zuwa. Idan `man kidaya` bai fito a kwantenar Ubuntu ba kada ka damu, an saita hoton ne ya riƙa watsar da shafukan `man`.

Ka koya wa masu amfani `sudo apt install ./kidaya.deb`, da ɗigo da sandar nan a gaba. `dpkg -i` ba ta ɗauko abin da fakitin ke jingina da shi.

7. Rumbu da sa hannu

Tura `.deb` ta WhatsApp yana aiki a ranar farko. Bayan wata uku kowa yana kan sigarsa daban, kai kuma kana amsa ƙorafin kuskuren da ka gyara tuntuni. Maganin haka rumbu ne. Rumbun `apt` fayiloli ne kawai a kan shafi, ba ya buƙatar wata manhajar saba ta musamman, GitHub Pages ma ta isa matuƙar shafin bai wuce gigabayit 1 ba kuma babu fayil ɗin da ya wuce megabayit 100.

Fara da makulli: `gpg --full-generate-key`, ka zaɓi RSA 4096 ko ed25519. Sai ka rubuta `rumbu/conf/distributions`:

```
Codename: stable
Components: main
Architectures: amd64 arm64
SignWith: LAMBAR_MAKULLINKA
```

```
reprepro -b rumbu includedeb stable dist/kidaya_1.0.0-1_amd64.deb
gpg --export LAMBAR_MAKULLINKA > rumbu/kidaya.gpg
```

Abin da za ka ɗora shi ne `pool`, `dists` da `kidaya.gpg`. Foldojin `conf` da `db` naka ne, su zauna a wurinka. Mai amfani kuma zai buga wannan sau ɗaya:

```
sudo install -d -m 0755 /etc/apt/keyrings
sudo curl -fsSL https://example.org/kidaya.gpg -o /etc/apt/keyrings/kidaya.gpg
echo "deb [signed-by=/etc/apt/keyrings/kidaya.gpg] https://example.org stable main" | sudo tee /etc/apt/sources.list.d/kidaya.list
sudo apt update && sudo apt install kidaya
```

Hattara: tsofaffin bayanai da yawa suna koyar da `apt-key add`. An daina shi, domin makullin da aka saka ta wannan hanyar ana amincewa da shi a kan kowane rumbu, ba naka kaɗai ba. `signed-by` shi ke taƙaita shi. Haka kuma kada ka taɓa ce wa mutane su sa `trusted=yes` don kauce wa sa hannu. Wanda ya ƙara rumbunka ya miƙa maka ikon `root` a kwamfutar da watakila lissafin shagonsa duka yana ciki. Amana ce, ka riƙe ta.

Saƙonni uku za su riƙa zuwa maka. `NO_PUBKEY` yawanci yana nufin makullin bai sauka inda `signed-by` ke nuni ba, ko ba a iya karanta shi. Izininsa ya zama 0644, kuma idan da `--armor` ka fitar da shi, sunansa ya ƙare da `.asc`. `EXPKEYSIG` yana nufin wa'adin makullinka ya ƙare, kuma kowa sai ya sake sauke shi, don haka ka rubuta ranar a inda za ka gani ka tsawaita tun da wuri. Na uku shi ne `Release file ... is not valid yet`, wanda ba daga rumbunka yake ba. Agogon kwamfutar ne ya koma baya, galibi saboda ɗan batirin CR2032 da ke kan allon ciki ya mutu, abin da ya zama ruwan dare a tsofaffin kwamfutocin ofis. `sudo timedatectl set-ntp true` zai gyara na lokacin, canza batirin ya gyara na dindindin.

Makullin sirrin ka fitar da shi da `gpg --export-secret-keys`, ka ajiye a filasha biyu a wurare biyu. Idan aka sace kwamfutarka ko faifanta ya mutu babu kwafi, ba ka da hanyar sake sa hannu, sai ka bi masu amfani ɗaya bayan ɗaya.

Ɓangaren `.rpm` tafiyarsa ɗaya: `rpmsign --addsign` a kan fakitin, `createrepo_c` a kan foldar, sai fayil ɗin `.repo` mai `gpgcheck=1` a `/etc/yum.repos.d`. Idan kod ɗinka a buɗe yake ga kowa, akwai masu gina maka kyauta: PPA ta Launchpad ga Ubuntu, COPR ga Fedora, da Open Build Service ta openSUSE mai fitarwa ga nau'o'i da dama. PPA kod take karɓa, ba `.deb` da ka gama ba, kuma injinan gininta ba su da intanet, don haka `go build` ko `cargo build` mai ɗauko laburare a lokacin gini zai faɗi sai ka haɗa su a ciki tun farko.

8. Kwafin da ba ya buƙatar rumbu

Kullum ka saki `kidaya_1.0.0_linux_amd64.tar.gz` tare da fayil ɗin `SHA256SUMS`. Shi ne mafitar mai Arch, da mai Alpine idan bainarin mai ɗauke da kayansa ne, da ɗalibin da ba shi da `sudo` a ɗakin kwamfutar makaranta, da ofishin da sai da filasha ake kai masa. Ya warware shi cikin `~/.local/bin`. A Ubuntu da Debian foldar tana shiga `PATH` ne idan tana nan lokacin shiga asusu, don haka idan yanzu ya ƙirƙira ta sai ya fita ya sake shiga. Da intanet mai yankewa, `sha256sum -c SHA256SUMS` shi ke tabbatar da cewa fayil ɗin ya sauka cikakke.

Idan za ka ba da sikirif irin na `curl ... | sh`, ka zuba komai cikin aiki ɗaya da ake kira a layin ƙarshe. Haka idan saukarwar ta katse a tsakiya, babu rabin umarnin da zai gudana.

9. Snap, Flatpak, AppImage da rumbun Debian

Ra'ayina a kan ukun farko a fili yake: ga ƙaramar manhajar taminal, ka bar su. Snap mai tsauraran shinge ba ta ganin ɓoyayyun fayilolin da ke foldar gida, irin su `~/.ssh`, ba ta ganin filasha sai mutum ya buga `snap connect kidaya:removable-media`, kuma samun izinin `classic` sai an duba buƙatarka da hannu. Tana leƙa sabuntawa sau huɗu a rana da kanta, mai sayen data da kuɗinsa ba zai gode maka ba. Linux Mint ma tun siga ta 20 a 2020 ta toshe girka ta sai mutum ya cire shingen. Flatpak domin manhajoji masu taga aka yi ta. Ana kiran manhaja da `flatpak run` da dogon suna, kuma ginshiƙin da take hawa ɗaruruwan megabayit ne. Ɗauko wannan duka domin bainari mai megabayit 5 kamar hayar tirela ne don kai buhu ɗaya Dawanau. AppImage da yawa suna neman `libfuse2`, wanda Ubuntu ba ta zuwa da shi tun 22.04, kuma babu abin da take ba ka wanda `tar.gz` bai ba ka ba.

Shiga rumbun Debian na hukuma abu ne mai kyau, daga can ma Ubuntu da Kali da Mint ke ɗiba, amma aiki ne na daban. Lasisinka dole ya dace da ƙa'idojinsu na manhaja mai 'yanci. Za ka shigar da sanarwar ITP, wato ta niyyar yin fakitin, ta `reportbug wnpp`, ka ɗora a mentors.debian.net, ka nemi mamban Debian da zai duba ya ɗora a madadinka, sannan fakitin ya jira a layin NEW, inda ake duba sabbin fakitoci. Ba a ɗauko komai daga intanet lokacin gini, kuma kowane laburaren Go ko Rust da ka jingina da shi ana son ya zama yana da fakitinsa a Debian. Manhaja mai laburare talatin na iya zama aikin fakiti talatin.

Bayan ka shiga kuma sigar tana daskarewa. Debian 12 ta fito a Yunin 2023, Debian 13 a Agustan 2025. Duk tsawon wannan lokacin mai Debian 12 yana kan sigar da ta shiga kafin a rufe ƙofa, gyaran tsaro da manyan kurakurai kawai ke wucewa. Idan manhajarka har yanzu tana canza kama duk wata, ka jira ta nutsu.

10. Ranar sakin sabuwar siga

Ka ɗaga lambar siga, ka gina, ka ɗaure, ka maimaita mataki na shida gaba ɗaya, sannan `reprepro`. Wurin ɗorawa `pool` ke fara tafiya, `dists` ya biyo baya. Idan ka juya su, wanda ya buga `apt update` a tsakani zai ga sigar da fayil ɗinta bai iso ba.

Hattara: fakitin da ya fita ya fita. Idan ka ga kuskure a `1.0.0-1` bayan ɗorawa, kada ka gyara ka mayar da lamba ɗaya, ka fitar da `1.0.0-2`. Idan ka mayar da lamba ɗaya, wanda ya riga ya girka ba zai sami gyaran ba, wanda jerinsa ya tsufa kuma zai ci karo da `Hash Sum mismatch`.

Idan manhajarka tana da umarnin sabunta kanta, ka kashe shi a ginin `.deb` da `.rpm`, ka bar shi a na `tar.gz` kawai, domin fayil ɗin da ke `/usr/bin` na `dpkg` ne. Ka sa `kidaya --version` ta riƙa faɗin lambar siga da hanyar da aka girka ta, deb ko rpm ko tar. Duk wanda ya kawo ƙorafi, abin da za ka fara nema daga wurinsa shi ne wannan layin da abin da `cat /etc/os-release` ya fitar.